Ɗigon Dare da Rana Tsaka

Masu karatu, ku gyara zama, amma kada wanda ya ce mini in yi haƙuri. Tun jiya nake jin kalmar nan har kunnena ya ƙoshi da ita. Ku bari in faɗa muku abin da aka yi tukuna, in ya so mai sauran haƙurin rabawa ya ajiye wa kansa.

A gidanmu akwai yarinya da muke kira Fiffike, saboda in ta ji daɗi sai ta ware hannuwa tana kaɗa su kamar za ta tashi sama. 'Yar yayata ce. Yaya ta rasu Fiffike tana goye, uban kuma ya yi nisa, sai gaisuwa ta waya in ya tuna. Umma ce kakarta, amma ni ce mai kitsonta, ni na san cokalin da take so da wanda take gaba da shi, kuma katifata a gefen gadonta take, a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda. In tana son wani abu Anti take ce mini. In ta yi fushi kuwa, sunana "ke".

Fiffike tana da farfaɗiya. Da gangan na rubuta kalmar a fili, domin a gidanmu ba a faɗinta. Umma "ciwon nan nata" take cewa. Goggo, ƙanwar babanmu da ke zaune tare da mu, "abin" take cewa, tana ɗan waiwaye kamar abin yana laɓe a bayan firji.

Tana shan maganinta safe da yamma, kuma ya rage mata sosai. Barci ne ya gagare mu. Yarinya idonta biyu har gari ya kusa wayewa, tana tambayata ko kifi yana rufe ido, ko inuwa tana jin sanyi in an bar ta a waje. Duk ranar da ba ta samu barci ba kuwa, washegari ciwon ya fi saurin tashi. Ni kuma in tafi shagon tabarau da nake aiki ina tangaɗi. Akwai ranar da na miƙa wa wani dattijo tabaran matarsa, ya saka, ya dube ni, ya ce ashe haka take ganinsa shekara da shekaru, shi ya sa ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba.

Likitar Fiffike mace ce mai magana a hankali, kamar kullum akwai jariri yana barci a bayanta. Ita ta rubuta mana melatonin, na ruwa, a 'yar kwalba mai bakin ɗigawa. Ta ce ba maganin farfaɗiya ba ne, kada mu kuskura mu ajiye wancan da take sha safe da yamma. Ta ce ba kowane yaro yake karɓa ba, gwadawa za mu yi muna lura. Ta ce jikin mutum da kansa yana yin irinsa in duhu ya shiga, shi ne mai sanar da jiki cewa dare ya yi, wannan na kwalba ɗan taimako ne kawai. Sharaɗinta kuwa, a ba ta a lokaci guda kullum, ba ƙari, ba waya a hannu, ɗaki ya yi duhu sosai. Fiffike ta gama saurara, ta ɗaga kwalbar ta leƙa, ta ce ashe dare ne aka zuba a ciki. Tun daga ranar sunan maganin ɗigon dare.

Duhun ne ba mu da shi. Gidan da ke kallon namu suna da wata fitila fara fat da ke kwana a kunne, kuma tagarmu ta zaɓa. Ita ta kai ni shagon wani tela da ake kira Mai Labule.

Dogo ne, tef ɗin awo rataye a wuya, allurai a soke a bakin hannun riga, yana shafa yadi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Ya zo ya auna tagar, ya ɗinka mana mai ninki biyu, shuɗi a ciki, baƙi a baya. Ya tambaye ni ko ya bar ɗan haske a gefe, na ce ko na kafar allura ba na so. Daga nan kullum sai saƙonsa ya shigo: "Labulen yana aiki?" Har na gaji na rubuta masa cewa labule ba injin ba ne, in da wata magana ya faɗa. Ya ce akwai.

Ɗigon dare da labulen nan suka haɗu, Fiffike ta fara barci. Ba lokaci guda ba, a hankali, kamar kyanwar da ake koya wa shiga gida. Ciwon ya riƙa yin nisa tsakani. Umma ta fara ƙiba. Ni na daina ba mutane idon matansu. Watanni muka yi muna gina barcin nan, ku riƙe wannan, domin shi aka taɓa.

Kuma kada ku ce na ɓoye wa Mai Labule wani abu. Tun kafin maganarmu ta yi nisa na gaya masa ina da 'yar da ban haifa ba, na gaya masa ciwonta da sunansa, na ce duk gidan da zan shiga da ita zan shiga. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, washegari ya kawo mata fensir masu launi. Mahaifiyarsa kuwa, ya ce in bar masa, zai gaya mata a lokacin da ya dace. Na bar masa. To jiya Asabar ce ranar da mahaifiyar tasa ta ce za ta zo ta gan mu.

Tun farkon mako Goggo ta fara zagaye-zagaye. Wai yara da baƙi ba sa haɗuwa, wai ko Fiffike ta je gidan maƙwabta ta yi wasa. Na ce ba inda za ta je, ita ce ma za ta miƙa biskit. Fiffike ta ji, ta ɗauki abin da zafi. Ta sa na goge mata rigarta mai ruwan ƙwai, ta zaɓi ribon biyu, ta yini gaban madubi tana durƙusawa tana gaida kanta, tana amsawa da muryar tsohuwa. Har faranti ta ɗauka tana koyon tafiya da shi ba tare da ya karkace ba.

Ranar Asabar ina yin aikin safe. Mai shago ya riƙe ni a kan wani gilashi da ya ƙi zama a firam, ban iso gida ba sai da baƙuwa ta riga ni. A bakin ƙofa Goggo ta cafke ni, ta tura ni ɗakin Umma, ta zura mini doguwar rigar leshi koriya mai duwatsu a wuya, ta yafa mini mayafi, ta fesa mini turare har na yi tari. Na ce ina Fiffike. Ta ce ta tafi gidan maƙwabta, ita ta ce tana so, yaro ai ba a raba shi da wasa. Raina ya sosu, amma ta riga ta danƙa mini tire ta juya ni wajen falo.

Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar mace ce, tsaf-tsaf, mayafinta ruwan toka, tabaranta sun yi wa fuskarta girma har suna zamowa, hannuna yana ƙaiƙayi in gyara mata su. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta ce in zauna kusa. Ina zuba shayi na ga ta kai hannu ta juya bakin labulen falonmu tana duba ɗinkin, ta taɓe baki, ta ce wannan dai ba aikin ɗanta ba ne. Aka yi dariya. Sai ta tambayi su wa da wa ke gidan. Umma ta lissafa kanta, da Goggo, da ni, ta tsaya. Na jira. Ba ta ƙara ba, ta sunkuya tana gyara farantin da ba abin da ya same shi.

Na ɗaga kai wajen bango. Inda hoton Fiffike yake rataye, na ranar da ta fara makaranta, babu komai sai wani fari mai kusurwa huɗu da ƙusa a tsakiya.

Na ce bari in ƙaro ruwan zafi. A kicin na ga kwalbar ɗigon dare a kan firji, alhali a saman kwabata take zama inda hannun yaro ba ya kai. Murfin a karkace, bakin a jiƙe, ruwan ya sauka fiye da inda na bar shi. A bayan tukunyar gas kuma ga takalman Fiffike, an tura su ciki. Wane yaro ne yake zuwa gidan maƙwabta ba takalmi?

Na bi baranda. Ƙofar ƙaramin ɗaki a rufe, makulli a jiki, ta waje.

Duhun da na tarar a ciki, wallahi ko tafin hannuna ban gani ba. Na laluba na ja labule. Tana kwance a ƙasa dab da ƙofa, cikin rigarta mai ruwan ƙwai, ribon ɗaya ya zame, kumatunta a kan siminti. Ba barci take ba, ba kuma a farke take ba, idanun sun yi nauyi kamar an rataya musu duwatsu.

"Anti," ta ce, "Goggo ta ce dare ya yi. Amma ina jin yara suna ƙwallo. Su ba a gaya musu ba ne?"

Na ce mata rana ce, Fiffike, rana tsaka.

"Na sani. Akwai saura kaɗan a ƙarƙashin ƙofa, ita nake kallo. Baƙuwar ta tafi?"

Ku faɗa mini, masu karatu. Yarinyar da ko wanka ba a barinta ta sa sakata, ita aka kulle ita kaɗai a cikin duhu. Da ciwon ya tashi, wa zai ji? Muna falo muna dariyar ɗinkin labule. Kuma ba kunnenta kaɗai aka yi wa ƙarya ba. Jikinta da muka yi watanni muna koya wa gane dare da rana, shi ma an ɗura masa ƙarya a baki.

Na gyara mata ribon, na ɗauke ta a kafaɗa, ƙafafunta suna dukan duwatsun rigata, na shiga falo da ita. Goggo ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna. Umma ta rufe baki da mayafi.

"Mama," na ce wa baƙuwar, "an manta da mutum ɗaya a lissafi. Wannan 'yata ce. Tana da farfaɗiya, tana shan magani, ba a ɗaukarsa a kofi ko a hannu. Duk inda zan zauna, nan za ta zauna."

Fiffike ta zame daga jikina. Tana layi kamar wadda ta sauko daga lilo, amma sai da ta durƙusa ta yi gaisuwarta yadda ta koya a madubi, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba. Ta ɗauki farantin biskit da hannu biyu ta miƙa. Bai karkace ba.

Matar ta dubi farantin, ta dubi yarinyar. Ta janye gefen mayafinta daga inda ya kusa taɓa rigar Fiffike, ta ce ta ƙoshi. Jim kaɗan ta tuna ta bar wani abu a kan wuta a gida. Fiffike ta tsaya riƙe da faranti har aka rufe ƙofar waje, sannan ta tambaye ni ko durƙuson ne bai yi daidai ba.

Na kira likita kafin in ce wa kowa uffan. Ta tambayi nawa aka ba ta, Goggo ta ce ita ba ta ƙirga ba, ta dai matsa har ta ga ya isa. Muryar nan mai lallashin jarirai ranar na ji tana da kaifi. Ta gaya mini abubuwan da zan sa wa ido, waɗanda in na gani in kawo ta nan take, ta ce kuma in shirya, barcinta zai rikice.

Ina ajiye waya Goggo ta buɗe wuta. Wai da bakina na kori miji, wai mace mai hankali sai ta shiga gida take fito da kayanta ɗaya bayan ɗaya, wai ɗigo ne fa ba guba ba, ba likita ce ta ba mu ba? Na ce Goggo, likita ta ba mu dare ne don dare, ba don baƙi ba. Umma tana kuka tana cewa ita dai so take ta ga na samu ɗakina kafin ta mutu, kamar an ce mata mutuwar tana bakin titi tana jiran mota. Da na matsa wa Goggo a kan makullin, sai ta murguɗa baki ta ce in daina yi mata kallon mai laifi, ai ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba, in tambayi mai labulen nawa, shi ya kira Umma tun ranar Alhamis.

Na zauna a kan matakalar baranda, leshin yana cizon wuyana, na rubuta masa.

"Kai ka ce a ɓoye ta?"

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa.

"Ba ɓoyewa ba. Cewa na yi ko za ta ɗan yi barci kafin Mama ta tafi. Na yau kawai. Mama sai a hankali."

"Da rana tsaka."

"Ke kika ce maganin ba mai ƙarfi ba ne. Labulen kuma kin san aikina, ko rana ba ta ratsa shi."

Kun ji fa. A tsakiyar wannan magana sai da ya yabi ɗinkinsa. Abin da na gaya masa a ranakun da muke hira a bakin shagonsa, ina murna ina ba shi labarin yadda 'yata ta fara barci, shi ya tattara ya auna ya yanka ya ɗinka mata maɓoya. Ya ƙara turo wani: "Amma ni ban ce a kulle ƙofa ba." Ya kira, na kife wayar.

Fiffike ba ta runtsa ba sai da gari ya waye. Yau da safe, tana tsaye tana goge baki, ciwon ya tashi, bayan an daɗe rabonta da shi. Na tare kanta kafin ya kai ƙasa, na kwantar da ita a gefenta, na ture bokiti, na zauna ina kiran sunanta har ya sake ta. Goggo tana bakin ƙofa, hannu a ƙirji. Na dai matsa gefe don ta gani da kyau.

Da yamma, Fiffike ta farfaɗo tana zaune a baranda tana zanen kifi da fensir ɗinsa, sai ga sallama. Shi ne, cikin farar riga da aka goge har tana ƙyalli, ido ya faɗa, ƙunshi a hammata. Ya gaida Umma, ta faɗa masa ciwon ya tashi da safe, ya gaida Goggo, ya buɗe ƙunshin a gabana. Labule ne irin namu sak, shuɗi da baƙi. Ya ce tun watan jiya ya ɗinka shi, na ɗakin da ya ware wa Fiffike ne a gidansa, don in san bai taɓa niyyar raba mu ba. Ya ce in yi haƙuri.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta motsa. Ɗinkin ya yi kyau. Amma sai na tambayi kaina, ɗakin nan da ya ware, na kwana ne, ko na ranar da Mama za ta zo?

Na ce masa na gode, amma kafin nan ƙugiya ɗaya ta labulenmu ta saki, ko zai duba. Nan take ya miƙe, ya shiga ƙaramin ɗaki, ya ja labulen ya rufe tagar ruf don ya ga inda ya saki. Ina ganin duhu ya haɗiye farar rigar, na jawo ƙofa na murɗa makulli.

"Dare ya yi," na ce masa ta jikin ƙofa. "Ka kwanta. Muna da baƙi."

Goggo ta ɗora hannu a ka, ta ce na haukace, ɗan mutane guda na kulle kamar akuya. Na ce ai na yau ne kawai, Goggo. Umma ta dubi Fiffike, ta kawar da kai. Shi kuwa bai buga ƙofa ba, bai kuma buɗe labulen ba, ko da yake hannunsa yana kai. Na ji dai ya zauna a ƙasa.

Fiffike ta ajiye fensir, ta rarrafa ta kwanta a bakin ƙofar, ta kai bakinta wajen 'yar tazarar da ke ƙasa.

"Kawu Mai Labule, kada ka ji tsoro. Ka kwanta a nan ka leƙo, akwai rana kaɗan. Bari in matsa kada in tare maka."

Ta matsa. Sai muka ji wani sauti kamar na mai mura. Can wayarsa ta yi ƙara a ciki, kuma na san kiɗan, shi ne wanda ya sa wa kiran mahaifiyarsa. Ta yi ta ƙara har na ce ba zai ɗauka ba. Ya ɗauka, ya kuma buɗe muryar wayar yadda duk baranda za ta ji.

"Mama, ina gidansu. Yarinyar da kika gani jiya, tun farko na san da ita. Ni na sa aka ɓoye miki ita, kuma yau ciwonta ya tashi saboda ni. Da ita za mu zauna. Gobe ina so ki dawo ki karɓi biskit ɗin nan."

Goggo ta daina numfashi. Sannan muryar 'yar ƙaramar matar nan ta fito a hankali, ba fushi, ba daɗi, ta ce ya ba ta yarinyar. Ya tambaye ta ko ni take nufi. Ta ce a'a, mai farantin.

Wayar ta zuro ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsaya a gaban Fiffike. Ta ɗago kai ta dube ni, tana jiran in ce ta ɗauka ko kada ta ɗauka. Makullin yana hannuna, ya yi ɗumi, kuma ban ga dalilin gaggawar buɗewa ba tukuna. Na durƙusa kusa da ita, na gyara mata ribon, na ce ta ɗauka, amma wannan karon ba ita za ta fara gaisuwa ba.